Shekara 30 babu kamfani: me ya riƙe Debian?

Tambaya: Malam, na ji an ce Debian ta cika shekara 30 a 2023, kuma wai babu kamfanin da ya mallake ta. Hankalina bai ɗauka ba. Wa ke biyan masu aikin? Abin da ba shi da mai shi, zan iya dogara da shi in sa a tsohuwar kwamfutata? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Gaskiya aka gaya maka, ɗan'uwa. Ranar 16 ga Agusta 1993 wani ɗalibin Jami'ar Purdue a Amurka, Ian Murdock, ya sanar da cewa ya fara harhaɗa babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, a kan Linux, ginshiƙin manhaja da Linus Torvalds ya fito da shi a 1991. Sunan ma na cikin gida ne: Deb daga Debra, budurwarsa a lokacin, sai Ian, nasa sunan. Murdock ya sauka daga shugabanci tun 1996, ya rasu a 2015, aikin kuwa bai tsaya ko kwana ɗaya ba.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Debian ba ta biyan masu haɗa ta albashi. Mutum wajen 1,000 ne cikakkun mambobi, ga wasu da yawa masu taimakawa daga gefe. Wasu aikin sa kai suke yi bayan sun tashi daga ofis, wasu kuma inda suke aiki ne ya ba su lokaci, don su ma da Debian suke amfani. Gudummawar da ake samu tana tafiya wajen sayen na'urori da shirya taro.

Ni abin da na fi so ka riƙe shi ne rubutacciyar ƙa'ida. A 1997 suka rubuta yarjejeniya tsakaninsu da masu amfani da manhajar. A ciki suka yi alkawarin cewa Debian za ta dawwama mai 'yanci, kowa ya duba yadda aka ƙera ta, ya gyara, ya raba wa wanda ya ga dama. Suka kuma ce ba za su ɓoye matsala ba, shi ya sa har gobe duk rahoton kuskure a fili yake, kowa na iya karantawa. A 1998 suka yi kundin tsarin mulki, kowace shekara a zaɓi shugaba, babbar rigima kuma a kai ta ƙuri'a. Wanda ke kan kujerar lokacin bikin shekara 30, Jonathan Carter, ɗan Afirka ta Kudu ne. Ka ga ashe tana da masu ita, sai dai ba mutum ɗaya ba ne da zai tsiyace ko ya sayar.

Ga misalin da ya taɓa ni. Shekarun baya na sa wa wani ƙanena Debian a laftof, komai ya tashi lafiya sai waifai ya ƙi. Dalili shi ne 'yar manhajar da ke tayar da na'urar waifai ɗin kamfani ne ya rufe ta, Debian kuma a lokacin ba ta sa irinta a faifanta na hukuma. Sai da na nemi wata kwamfuta, na sauko da ita a filash, na dawo. Dubban mutane sun sha wannan wahala, aka yi ta muhawara shekara da shekaru, har a 2022 aka jefa ƙuri'a aka yarda a sa. Debian 12, ta Yunin 2023, da irin waɗannan manhajoji ta fito. An yi jinkiri, na yarda, amma a gaban kowa aka yanke hukuncin, kuma babu wanda aka yi wa dole.

Haka ma fitar da sabon zubi. Sabuwar manhaja tana fara shiga rukunin da ake kira sid, idan ba ta ɓata komai ba ta wuce rukunin gwaji, daga nan a rufe ƙofa na wasu watanni a yi ta gyara. Kusan duk shekara 2 ake fitar da zaunannen zubi, ana kula da tsaronsa har kimanin shekara 5. Wannan natsuwa ce ta sa wasu manyan manhajoji irin su Ubuntu, wadda ta fito a 2004, da Kali Linux da Raspberry Pi OS duk a kanta suka ginu.

To, ka sa ta? Ka sa, amma ka san abin da za ka tarar. Manhajojin cikinta sukan ɗan tsufa kafin zubi na gaba, kuma Microsoft Office ba ya hawa kanta, LibreOffice za ka samu a madadinsa. Ka zaɓi fuskar Xfce, ba ta da nauyi. Idan kwamfutar tsohuwar ƙira ce mai 32-bit, Debian 13 ta Agustan 2025 ta daina fitar mata da faifan sakawa, sai dai ka nemi 12. Kafin komai ka kwashe takardunka da hotunanka zuwa wani wuri, sannan ka tayar da ita daga filash ba tare da ka goge abin da ke ciki ba, ka gwada waifai da sauti da firinta. In duk sun amsa, ka yi bisimilla.