Amsa: Miji ya ƙi ciyarwa, ya kuma ƙi saki

'Yar'uwa, kin ce wata takwas ba ci ba sha daga wajen mijinki, kuma ya ƙi ba ki takardar saki. Ki je kotun shari'ar Musulunci ta yankinku, ki shigar da ƙara wajen rijistara, ki biya kuɗin sammaci, ki karɓi rasit.

Inda mata da yawa ke kuskure shi ne su ce "hul'i nake so" tun a zaman farko. Hul'i fa ke za ki mayar da sadaki, wani mijin ma ya nemi ƙari. Ke kuwa da'awarki rashin ciyarwa ce da cutarwa. A mazhabar Malikiyya, idan kin tabbatar da haka da shaidu biyu adilai (maƙwabta sun fi danginki ƙarfi, don ba a tuhumarsu da son kai), alƙali zai ba shi wa'adi, in mijin ya gaza, sai alƙali ya raba auren, ba ki biya mijin ko sisi ba.

Idda tsarki uku ce, mai ciki kuma sai ta haihu. Riƙon yara naki ne muddin ba ki sake aure ba, ciyar da su na uba. Ki nemi a yanka adadin kuɗin wata a cikin hukuncin. Kada ki bar kotu ba takardar saki mai hatimi.