Tambaya da Amsa: Wa ke da ikon rufe iyakar Maigatari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai fataucin dabbobi ne a kasuwar Maigatari. Da aka rufe iyaka a 2023 mun ji a jikinmu. Wai wa ke yanke irin wannan shawara a Abuja? Kuma yanzu da Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato ECOWAS, ina matsayinmu?
Daga mai karatu a Maigatari, Jihar Jigawa

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Harkar ƙasashen waje da ta kan iyaka duk a hannun Gwamnatin Tarayya suke, gwamnan jiha sai dai ya kai kuka. Shugaban ƙasa ke yanke shawara bayan ya ji ta bakin ministan harkokin waje da shugabannin tsaro, sai kwastan da jami'an shige da fice su zartar.

Amma rufe iyaka daban, tura soja daban. Ana iya rufe iyaka ba a nemi yardar Majalisa ba. Haka aka yi a watan Agustan 2019, har sai Disambar 2020 aka buɗe guda huɗu, ciki har da taku ta Maigatari. Shi kuwa kai soja fagen daga a wata ƙasa, sashe na 5 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce sai da amincewar Majalisar Dattawa. A nan aka ja birki a 2023. Sojoji sun kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta zauna a Abuja ranar 30 ga wata ta ƙaƙaba takunkumi, ta ba jagoran juyin mulkin, Janar Tiani, wa'adin mako guda ya maida Bazoum kan mulki ko a yi amfani da ƙarfin soja, Nijeriya ta rufe iyaka ta yanke wa Nijar wutar lantarki. Sanatoci kuwa suka ce a bi ta sulhu, musamman na Arewa, don jihohi bakwai ne ke maƙwabtaka da Nijar, daga Kebbi har Barno. A ganinmu takunkumin bai biya buƙata ba: Bazoum bai koma mulki ba, talakan Damagaram da na Gumel su suka kwana ciki. An janye takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyaka ta buɗe a watan Maris.

Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. ECOWAS ta ce a ci gaba da barin mutanensu su shigo babu biza har sai an sake shawara. To sai a lura, wannan umarni ƙasashen ƙungiyar ya ɗaure. Abin da jandarma zai nema a hannunka a tsallake, hukumar Yamai ke da ta cewa.

Saboda haka in za ka ƙetara, fasfo ya fi kwanciyar rai, ka haɗa da katin rigakafin shawara. Katin zaɓe ba takardar tafiya ba ne, kuma nan mutanenmu suka fi tuntuɓe. Dabbobi kuma a nemo musu takardar likitan dabbobi tun daga can, a biya kuɗin kwastan a karɓi rasit. Wanda ya kore garke ta ɓarauniyar hanya don gudun 'yan kuɗin, in aka kama shi ba shi da abin nunawa cewa shanun ba na sata ba ne, ranar Alhamis kuwa sai kasuwa ta ci ba da shi ba.