AP ɗin Cisco na hannu a Adum: kada a biya sai an ga baƙin allo

Tambayoyin wannan makon duk daga nan Kumasi suke, kuma duk a kan na'urorin Wi-Fi irin na manyan ofisoshi ne, waɗanda ake maƙalawa a silin, masu aikin na ce musu AP.

Tambaya daga shugaban wata makaranta a Asawase: "Assalamu alaikum. Makarantarmu bene ce, da ajujuwa da ɗakin kwamfuta. Wani mai shago a Adum ya nuna mini AP ɗin Cisco guda shida na hannu, ya ce daga wani ofis a Turai aka ciro su. Kuɗin shidan bai kai na sababbi biyu ba. Ya jona ɗaya a gabana, fitila ta kama. In biya?"

Wa alaikumus salam, Malam. Dakata tukuna. Fitila shaidar wuta ta shiga ce kawai, ba ta ce na'urar za ta yi muku aiki ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Yawancin AP ɗin Cisco da ake kwancewa daga manyan ofisoshi ba a saita su don su yi aiki su kaɗai ba. A can inda suka fito akwai uwar na'ura, kwantirola, ita ke riƙe da sunan Wi-Fi da kalmar sirri da sauran saiti. Da AP ya tashi, ita zai fara nema. In bai same ta ba haka zai yi ta nema, fitila na canza launi, waya kuwa ba za ta ga komai ba. Mai kwance kaya daga silin kuma ba kasafai yake haɗowa da kwantirolar ba.

Gane wannan ba ya ɗaukar lokaci. Ka koma shagon da wanda zai riƙa kula muku da na'urorin, ya riƙo laftof da wayar kwansol, shuɗiyar nan mai faɗi da ake cusawa a ramin da aka rubuta CONSOLE. Ya buɗe PuTTY, manhajar da ake magana da na'urar ta cikinta a laftof, ya sa gudun a 9600, sannan a ba AP wuta. Rubutu zai riƙa zubowa a baƙin allo, kuma a cikinsa sunan manhajar ciki zai wuce. In ya kuɓuce masa, ya buga show version bayan ta gama tashi. Idan akwai k9w7 a sunan, na'urar mai cin gashin kanta ce. Idan k9w8 ne, sai da kwantirola. Mai shagon da ya ƙi a yi wannan gwajin a gabansa, ya riga ya ba ka amsa.

Za a ce maka ai ana juya su. Gaskiya ne, samfura irin su 2600 da 2700 da 3700 ana ɗora musu k9w7 su koma masu zaman kansu. Amma fayil ɗin na kamfanin ne, sai mai yarjejeniya da su ke da izininsa, wanda ke yawo a guruf-guruf kuma ba ka san hannun da ya bi ba. Su 2800 da 3800 ma babu k9w7 ɗinsu sam. Hanyarsu ita ce Mobility Express, inda AP ɗaya ke zama kwantirolar sauran. Sannan ka sani Cisco ya daina sayar da 2700 da 3700 tun 2019, ya daina tallafa musu a 2024. Babu sauran gyaran tsaro da zai zo musu, ba kuma sa ɗaukar WPA3, sabon tsarin tsaron Wi-Fi.

Mu ɗauka an juya su duka shidan. To yanzu kana da na'urori shida da ba ruwan ɗaya da ɗaya. Sunan Wi-Fi sai an buga shi sau shida, ranar da ɗalibai suka gano kalmar sirri kuma (za su gano) sai an shiga kowace an canza. Akwai kuma abin da ke ba sababbin shiga ciwon kai: rediyon waɗannan na'urori a kashe yake zuwa. Sai an shiga interface Dot11Radio0 an buga no shutdown, an maimaita wa Dot11Radio1 na 5GHz. Da yawa sun mayar wa mai shago lafiyayyar na'ura saboda wannan layi ɗaya.

Abu biyu kuma ka duba da idonka. In ka ga an rubuta Meraki a jikinta, ajiye ta: ba a saita ta da layin umarni, ta intanet ake sarrafa ta, sai da lasisin da ake biya, kuma muddin tana cikin asusun tsohon mai ita ba za ka iya mallake ta ba. Sai harafin da ke cikin lambar samfurin, kamar E ɗin da ke AIR-CAP2702I-E-K9. Harafin yanki ne. E na Turai, A da B na ɓangaren Amurka, kuma tashoshin da aka yarje wa kowane sun bambanta. Kada ka gauraya haruffa, don kwantirola na iya ƙin tayar da rediyon wanda bai dace da ƙasar da aka saita ba. Hukumar NCA ce ke tantance kayan sadarwa a Gana, babu laifi ka tambayi mai shago ko samfurin ya bi ta hannunta.

Ra'ayina, Malam: in babu malami a makarantar da baƙin allo bai firgita shi, ka bar arhar nan. Sayi sababbi uku ko huɗu daga irin waɗanda ake saitawa da wayar hannu ko burauza, kamar UniFi ko Omada na TP-Link ko Aruba Instant On. In kuwa akwai shi, a fara da guda ɗaya, bisa sharaɗin a mayar in ba ta yi ba.

Tambaya daga wani matashi mai kula da Wi-Fi ɗin wani masauki a Aboabo: "Yaya, na kwana ina saita AP da suwic na Cisco, komai ya yi. Aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita duk ya goge. Rannan kuma na canza saiti daga gida, na kulle kaina a waje. Mai gidan ya ce kayan ne ba kyau, in sayo MikroTik."

Ƙanena, kayan ba su da laifi. A Cisco, duk abin da ka buga yana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi har sai ka ce a adana. Umarnin shi ne write memory, ko doguwarsa copy running-config startup-config. A garin da dumsor, wato ɗauke wuta, ba ya sallama, wannan ya zame maka jiki: ka gwada, ya yi, ka adana nan take.

Wannan halin nasa kuma shi ne maganin matsalarka ta biyu. Kafin ka taɓa wani abu daga nesa, buga reload in 10. In canjin ya yanke ka, bayan minti goma na'urar za ta sake tashi da tsohon saitin da aka adana, ka samu hanya. In komai lafiya, sai reload cancel, sannan ka adana. Ka kula da jerin: gwaji tukuna, adanawa daga baya.

MikroTik kaya ne masu kyau, daga Latbiya suke, kuma araharsu ta sa masu sayar da intanet a unguwanni ke son su. Sai dai halinsu akasin na Cisco ne: da ka danna Enter an adana, kuskure ma an adana. Don haka suke da Safe Mode, Ctrl da X a tagar umarni. In layinka ya yanke, sai na'urar ta janye abin da ka canza. Gudun kwansol ɗinsu kuma 115200 ne, in ka bar shi a 9600 shirme za ka gani a allo. UniFi kuwa ana shiga ta SSH, hanyar buga umarni daga nesa a ɓoye, amma ba don saiti na dindindin ba, kwantirolarta za ta shafe abin da ka buga da hannu. Amfaninsa bai wuce irin set-inform ba, don nuna wa AP inda kwantirola take.

Kuɗin da mai gida ya ware, a sayi UPS, batirin ko-ta-kwana, da zai riƙe suwic da rawuta, da wayar kwansol mai bakin USB ta zauna a jakarka. Ka rufe Telnet ka bar SSH, tunda Telnet a fili yake aika kalmar sirri. Kuma kwafin saitin ya kasance a wani wuri ban da cikin na'urar.

Tambaya daga wata Hajiya mai gidan haya a Tafo: "'Yan ɗakunan baya na kukan Wi-Fi ba ya kai musu. Mai gyara ya ce in sayi wata mai ƙarfi sosai. Haka ne?"

Hajiya, ranki ya daɗe, ƙarfi ba shi ne maganin ba. Kamar ladan ne da lasifika: ana jin sa daga unguwa mai nisa, amma shi ba ya jin mai amsa masa daga can. AP mai ƙarfi zai cika wa waya sanduna, ita kuma ƙaramar eriyarta ba za ta iya mayar da magana ta cikin bangon bulo uku ba. Ƙara AP na biyu a barandar baya, a ja masa waya, a rage ƙarfin duka biyun. A 2.4GHz tashoshi 1 da 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna, sai a ba kowane tasa, faɗin tashar kuma a bar shi a 20MHz.

Wajen sayen wayar da za a ja ne ake cutar mutane. Ki ce a ba ki Cat6 ta tagulla zalla, ban da mai alamar CCA, wadda alminiyam ce aka shafa wa tagulla. Tana zafi, tana kuma zubar da wutar da AP ke sha ta cikinta. Tsawon kada ya wuce mita 100. A duba kuma wutar da suwic ɗin ke tura wa AP ta wayar: mai lamba 802.3af wat 15.4 yake bayarwa, mai 802.3at wat 30, sababbin AP da yawa kuma na biyun suke so, in ba su samu ba sai su rage aiki ko su kashe rediyo.

Kada ki cika wa mai gyara ragowar kuɗinsa sai ya rubuta miki sunan shiga da kalmar sirrin kowace na'ura a takarda, an gwada su a gabanki sun buɗe, ya kuma tura miki fayil ɗin saitin.