Amsa ga ɗan'uwan da sabon magazin ya gagara cikawa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce sabon magazin ɗin fistol ɗinka, wato gidan da ake jera harsasai a ciki, mai cin harsashi 15 ne amma da ka kai 12 ko 13 sai ya ƙi karɓa, babban yatsanka har ya yi bororo, kana tambaya ko magazin ɗin ne ya lalace ko kuwa ka sayi loda, wato 'yar na'urar da ke taimakawa wajen cika magazin. To ni dai na shekara da shekaru ina zuwa filin atisayen harbi da bindigata mai lasisi, kuma wallahi wannan abin da kake faɗa na sha shi sosai, don haka bari in gaya maka abin da na gani da idona.

Da farko ka kwantar da hankalinka, mafi yawanci ba lalacewa ba ce. A cikin magazin akwai sifirin dogo, a kansa akwai ɗan roba ko ƙarfe da harsashin farko ke zama, duk harsashin da ka ƙara kana ƙara matse sifirin ɗin ne, shi ya sa na farko ke shiga kamar wasa amma biyun ƙarshe sai ka haɗa da cije baki. Sannan magazin ɗin fistol mai layi biyu, irin na Glock 19 mai cin 15 ko Glock 17 mai cin 17, jikinsa faɗi ne amma can sama ya tsuke ya koma layi ɗaya, dole sai ka danna harsashin da ke ciki ƙasa sannan ka zura sabon ta ƙarƙashin leɓɓan ƙarfen nan na bakin magazin ka tura shi baya, aiki biyu kenan a lokaci guda da yatsa ɗaya. Na dogayen bindigogi irin AR-15 ba haka yake ba, bakinsa a buɗe yake, kawai dannawa kake daga sama ya shige, shi ya sa za ka ga mutum ya cika mai cin 30 bai ji komai ba amma na fistol ya ba shi wuya.

Maganar loda kuwa, saya kawai. Kar ka saurari masu cewa wai namiji da hannu yake cikawa, ni na ga dattawa masu ciwon gaɓoɓi da mata da suka kusa barin wasan harbi gaba ɗaya saboda wahalar lodi, wannan ɗan abin ne ya dawo da su. Kuma ko kai mai ƙarfi ne, in ka cika magazin goma da yatsa to hannun da za ka riƙe bindiga da shi ya riga ya gaji, sai ka ga harbinka yana watsewa ka rasa dalili.

Idan Glock ka saya sabuwa duba cikin akwatin, suna sako wata 'yar roba baƙa da ake kifawa a kan magazin, tana danna na ciki ƙasa kai kuma ka zura sabo rabi, ka ɗaga ta ka ƙarasa turawa da yatsa. Tana aiki, amma tana da ɗan jinkiri. Wadda ni na fi sabawa da ita ita ce UpLULA ta kamfanin Maglula na Isra'ila, tana karɓar yawancin magazin ɗin fistol daga mai harsashi girman 9mm har mai girman .45 ACP. Yadda nake yi, ina dasa gindin magazin a kan tebur mai tauri, ba a kan cinya ba, in kifa lodar a sama, in matse ta da tafin hannu, akwai wani ɗan harshen ƙarfe da zai shiga ya hau kan na ciki, sai in danna ƙasa da nauyin kafaɗa ba da yatsu ba, in jefa harsashi gindinsa ya fara shiga, in saki matsin in ɗaga, shikenan sai na gaba. Ranar farko hannunka zai riƙa rikicewa, ka saki kafin ka zura ko ka ɗaga kafin ka saki, amma kafin ka gama magazin uku ko huɗu hannun ya gane da kansa. In bindigarka ƙarama ce irin .380 mai siririn magazin ko .22, akwai tata daban, kar ka tilasta wa babbar.

Inda nake so ka kula sosai shi ne loda tana ba ka ƙarfin da yatsa ba shi da shi, kuma wannan ƙarfin yana iya ɓata kaya. Na taɓa rasa magazin guda a haka, lissafi ya kuɓuce min ina hira, ya riga ya cika ni kuma ina ta dannawa, leɓɓan suka ɗan buɗe kaɗan, da ido ba ka gani amma daga ranar kullum sai ya riƙa cushe harsashi a bakin bindiga, ƙarshe ajiye shi na yi. Tun daga nan nake jera harsasan a tebur biyar biyar kafin in fara, kuma ina duba ƙananan hujojin nan na bayan magazin masu lamba. In ka ji ya tsaya cak kamar ka bugi bango alhali bai kai adadinsa ba, tsaya, zazzage shi duka, cire murfin gindi ka duba ko ɗan robar saman ya karkace ko datti ya shiga ko an mayar da sifirin a juye. Tauri daban, cijewa daban, mai tauri yana tafiya a hankali, mai cijewa ba ya motsi sam.

Don Allah kar ka sa sukundireba ko wuƙa ko makulli kana danna harsashi, na ga masu yi, yana kwarzane kwanso yana lanƙwasa leɓe, balle a ce tsinin ya sauka kan ɗan zagayen nan na tsakiyar gindin harsashi inda allura ke bugawa. Kuma kar ka zuba mai a ciki wai don ya yi santsi, mai ƙura yake tarawa ya zama kamar kwaɓaɓɓen laka, busasshen tsumma ya isa.

Sabon sifirin yana ɗan saki da kansa. Ni abin da nake yi, in cika iya inda ya tsaya ko 13 ne, in kulle a akwatin ajiya kamar mako ɗaya ko biyu, in je fili in harbe, in sake cikawa, bayan zuwa uku ko huɗu sai ka ga 15 ɗin sun shiga. Bayan ka cika ka ɗan buga bayan magazin a tafin hannunka sau biyu don harsasan su koma baya su daidaita. Kuma cikakken magazin sabo yakan ƙi zama a bindiga in saman bindigar da ake ja baya a rufe yake, sai ka tura da ƙarfi ka ji ya ce ƙas, ka ɗan ja shi ƙasa ka tabbatar ya kama, wasu kan rage ɗaya su bar 14 har sai ya saba.

Duk wannan lodin kuma ka yi shi bindiga na gefe guda babu komai a cikinta, ka duba ɗakin harsashi, wato inda harsashi ke zama a cikin bindiga kafin a harba, da idonka, bakinta na kallon inda ba kowa. In ka samu dama ka turo sunan bindigar da girman harsashinta, sai in gaya maka wace lodar ce za ta hau.