Baƙar kujera ko ruwan ƙasa: wacce ta fi dacewa da motar da ke yini a rana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Sakkwato, ina shirin sayen Lexus RX 350 ƙirar 2013, 'yar Kwatano. Dillali ya nuna mini guda biyu, lafiyarsu kusan ɗaya, kuɗinsu ma babu tazara sosai. Duka kujerun fata gare su, ɗaya baƙa wuluk, ɗaya kuma ruwan ƙasa mai haske kamar ruwan zuma. Uwargida ta ce mai ruwan zuma take so. Dillali kuwa ya dage cewa baƙa ta fi daraja, ba ta nuna datti, kuma ta fi saurin fita in na tashi sayarwa. Muna da yara uku ƙanana, kuma a wurin aikina babu rumfar ajiye mota. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. In har lafiyar motocin ɗaya ce kamar yadda ka faɗa, ka bi zaɓin uwargida. Sai dai da sharaɗi guda: ka koma ka sake duba launin da idonka, a waje, cikin hasken rana. Lexus ta fitar da wannan ƙirar da launi biyu da dillalanmu kan haɗa su su kira "mai haske". Akwai wanda kamfanin ke kira Parchment, wato ruwan madara, kusa da fari. Akwai kuma Saddle Tan, ruwan ƙasa mai ɗan ja irin na sirdin doki. In na biyun ne, ɗauka ba tare da shakka ba. In na farkon ne, da yara uku a gida, to akwai magana, kuma zan zo kanta.

Mu fara da rana, tunda ita ce babbar matsalarka. Baƙin abu yana shanye kusan duk hasken da ya sauka a kansa ya mayar da shi zafi, mai haske kuwa yana mayar da wani kaso. Wannan kowa ya sani, ko daga baƙar riga a watan azumi. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne bambancin ya fi fitowa a saman kujerar, inda jikinka ke taɓawa, ba a iskar cikin motar ba. Iskar cikin mota gilashi ne da dashbod ke dafa ta. A 2018 masu bincike a Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka sun ajiye motoci na awa ɗaya a ranakun da zafin waje ya kai digiri 38 a ma'aunin Salshiyas. A motocin da ke rana, dashbod ya kai kusan digiri 69, kujeru kusan 51. A waɗanda ke inuwa, kujerun sun tsaya wajen 41. Ka ga inuwa kaɗai ta rage digiri goma. Sakkwato kuwa a watan Afrilu tana wuce digiri 40 ba tare da an yi mamaki ba.

Saboda haka kada ka sa ran mai ruwan zuma za ta yi sanyi kamar randa. Za ta yi zafi ita ma. Amma baƙar kujerar da rana ta dake ta kai tsaye ta gilashin gefe tana iya ƙona cinyar yaro mai gajeren wando, kuma ta fi daɗewa tana gasa bayanka bayan ka kunna esi. Wannan ɗan bambancin, mutumin da ke fitowa daga ofis da ƙarfe biyu na rana kullum ya san darajarsa. Ba ka faɗi launin jikin motocin ba, kuma shi ma yana da ta cewa. A wani gwaji da cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke Amurka ta yi a 2011 da Honda Civic guda biyu, baƙa da ruwan azurfa, iskar cikin mai ruwan azurfa ta fi sanyi da digiri 5 zuwa 6. In mai baƙin cikin nan jikinta ma baƙi ne, to zafi biyu ka haɗa.

Sai maganar dillali cewa baƙa ba ta nuna datti. Ya faɗi rabin gaskiya. Baƙa tana ɓoye tabo, amma tana tona ƙura. Ƙurar hunturu fara-fara ce, ta ƙasarmu kuma ja-ja ce, duka biyun suna zama a kan baƙar kujera kamar an barbaɗa gari. Ka goge da safe, kafin la'asar ɗinkin kujerar ya yi fari, ƙananan ramukan fatar sun cika. Ruwan ƙasa kuwa launinsa ɗaya da ƙurar, sai ta kwana uku ba ka gane ba. Batun cewa baƙa ta fi sauƙin kulawa ya fi dacewa da mutanen ƙasashen laka da dusar ƙanƙara. Mu namu abokin faɗan daban ne.

Akwai kuma yadda baƙar fata ke tsufa a mota. Gumi da man shafawa da gogayyar tufafi suna sa ta ƙyalli kamar an shafa mata man gyaɗa, musamman kujerar direba da sitiyari. Mutane kan ɗauka tsabta ce, alhali sabuwar fatar mota ba ta ƙyalli, dishi-dishi take. Idan kuma ta fara tsagewa a gefen da direba ke shiga, abin da ke ƙasan fentin ya fi haske, sai tsagar ta fito fili kamar zanen alli. Ruwan ƙasa tana tsagewa ita ma, amma ido ya saba ganin tsohuwar fata da wannan launin, sai ya ɗauke shi a matsayin kwarjini.

Dalilin hakan tsoho ne, kuma mu mun fi kowa saninsa. Fatar da majema suka jeme da bagaruwa, kafin a yi mata kowane rini, ruwan ƙasa take fitowa. Shi ne launin fata na asali, shi ne na sirdi da na gafaka da na tsohon takalmin baduku. Daga nan masu ƙera motocin alfarma suka ɗauko sha'awarsa: jar Ferrari da ciki ruwan zuma, launin da Italiyawa ke kira Cuoio, wanda ma'anarsa fata kawai, koriyar Jaguar ta Ingila da ciki ruwan ƙasa, Ford ma a Amurka ta yi suna da ƙirar King Ranch mai kujeru kamar sirdin makiyaya. Don haka batun cewa baƙa ta fi daraja ra'ayin kasuwa ne kawai. Baƙa ta yi yawa ne saboda tana shiga da kowane launin jiki, kamfani da dillali ba sa tsoron ta kwana a hannunsu.

To amma fatar da ke cikin motarka ba irin ta bagaruwa ba ce, kuma fahimtar wannan shi zai sauƙaƙa maka kulawa. Fatar saniya ce, galibi an jeme ta da sinadarin kurom, irin aikin da masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano ke yi, inda fata ke fitowa shuɗi-shuɗi. Daga baya a yi mata rini, a fesa fenti a sama, a rufe da wani siririn shafe mai kama da roba. Wato abin da hannunka ke taɓawa wannan shafen ne. Ka ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kai ka gani: in ya tsaya ya dunƙule, shafen na nan, in ya nutse wurin ya yi duhu, shafen ya cinye a wurin, ko kuma fatar irin mai laushin nan ce da ba a rufe sosai ba. Wasu motocin ma ba fata ba ce sam. Mercedes na da MB-Tex, Toyota na da SofTex, Lexus kanta a wasu ƙirarrakin na baya tana sa NuLuxe, duka kwaikwayon fata ne. Shi ya sa in dillali ya ce maka "leda ce", ka tambaye shi wace ledar, don a bakinmu kalmar ta haɗa fatar da robar.

Yanzu ga inda mai haske ke cin amanar mai ita. Rini. Sabuwar shadda mai duhu, galila, atamfar da ba a wanke ba, yadin da ya fito daga karofi yana zubar da baba, wandon jins, duk suna barin launi a kan kujera, kuma zafi da gumi na ƙara saurin abin. A kan ruwan madara, cikin makonni kaɗan za ka ga kujerar gaba ta fara shuɗi-shuɗi. In aka goge da wuri yana fita. In ya kwana biyu ya shiga cikin shafen, sai dai a sake fenti. Ƙara da lallen da bai gama bushewa ba, da zoɓo, da manja daga ledar cefane, da biron ɗan makaranta, da takalman yara a bayan kujerar gaba, da man gashi a matashin kai. Na sha ganin motoci masu cikin ruwan madara da ba su shekara biyu a hannun mai iyali ba amma sun koma kamar tabarmar tsangaya. Ruwan zuma mai ɗan duhu yana haɗiye mafi yawan waɗannan. Ruwan makuba ya fi shi ma, sai dai shi ya fara kusantar baƙi wajen zafi. In da ni ke zaɓa wa mai yara a Arewa, tsakiyar nan zan tsaya.

Inda dillali ya yi gaskiya shi ne wajen gyara. Baƙi ɗaya ne, ko kusan haka. In kujera ta yage, mai ɗinkin kushin zai samo baƙar fata ya dasa, ba wanda zai lura. Ruwan ƙasa kuwa kala-kala ne, kowane kamfani da nasa, rana kuma ta riga ta sauya wanda ke motarka, don haka facin yakan fito daban. Wajen sayarwa ma baƙa ba ta korar kowa, mai ruwan zuma kuwa wani zai so ta sosai, wani ya wuce. Amma mai saye yana fara kallon tsagewa da yagewa kafin launi, kuma kujerar da ta yi shekara biyar tana gasuwa a rana ba rumfa, kowane launi ce, za ta faɗi da bakinta.

Kulawar ba ta da tsada. Ka sayi abin tare rana mai ƙyalli na gilashin gaba, ka riƙa sa shi duk lokacin da ka ajiye mota, ka kuma juya bayan motar ga rana in wuri ya ba da dama. Farin tawul a kan kujerar direba da sitiyari yana aiki fiye da yadda ake zato. Gogewa kuma da tsumma mai laushi da aka jiƙa aka matse, sau ɗaya a mako, ya wadatar. In da datti, ɗan sabulu mara kaifi. Ka hana masu wankin mota zuba wa kujerun man ƙyallin da suke fesa wa taya da dashbod, yana sa santsi yana kama ƙura. Kada fetur ko kalanzir ko sabulun gari mai ƙarfi su taɓa ta, suna cinye shafen. Turaren fesawa ma haka, saboda sinadarin da ke cikinsa. Masu shafa man kaɗanya ko man zaitun suna da niyya mai kyau, amma man ba ya ratsa shafen, a sama yake zama ya zama tarkon ƙura. Baƙin gilashi yana taimakawa, sai dai a Najeriya yana buƙatar izinin 'yan sanda, ka nemi takardarka kafin ka liƙa.

Kafin ka biya, ka ce wa dillali ya fito da motocin biyu rana, ka zo da misalin ƙarfe biyu tare da uwargida. Ku zauna a kowacce kafin a kunna esi. Ka shafa gefen kujerar direba da yatsa ka ji ko ya yi kaushi, ka goga farin tsumma mai ɗan danshi a kan baƙar: in ya ɗauko baƙi, fenti aka yi mata don a rufe tsufa, kuma zai ƙare a jikin fararen kayanka na Juma'a. Ka kuma leƙa ƙarƙashin kujerun duka biyun da tocila. Tsatsa a ƙarafunan kujera ko busasshiyar laka a lungu alama ce ta motar da ambaliya ta taɓa cinyewa kafin a loda ta jirgi, kuma irin wannan, ko da wane launi ta zo, ka bar wa dillali kayansa.