Dokar gini ta tsimin wutar lantarki: ta shafi mai gini a ƙauye?

Malam, ka ce kana shirin tayar da ɗaki biyu da falo a ƙauyenku wajen Ringim, ka kuma ji ana maganar wata dokar gini ta rage shan wuta, shin za ta hau kanka?

Dokar tana nan. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da ita a 2017 ta hannun ma'aikatar wuta, ayyuka da gidaje. Amma amincewa da zanen gini aikin jihohi ne, sai jiha ta karɓe ta take aiki. Gaskiya ban ga mai zuwa ƙauye auna maka taga ba.

Duk da haka ka ɗauki abin da ke cikinta, don zafin Afrilu ba ya tambayar takarda. Ta ce tagogi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na bango, in sun wuce a yi musu inuwa. Ta kuma ce a sa abin tare zafi ƙarƙashin rufi. Nan ne matsalarmu take: kwano ya sha rana tun hantsi, ba silin, da dare ɗaki ya koma tanda. Tsohon soron ƙasa mai azara da kaurin bango ya fi bulo da kwano sanyi nesa ba kusa ba, mu ne dai muka raina shi.

Ka ce wa magininka ya ɗaga rufin, ya bar kafar iska tsakanin kwano da silin, tagogi su kalli kudu da arewa. Bangon yamma kuwa, dasa masa darbejiya tun daminar bana.