Askar kakana ta yi tsatsa, ƙotar ƙahon kuma ta tsage

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni daga Tawa nake rubuto muku. Kakana wanzami ne, Allah shi jiƙan shi, a cikin zabirar shi na tarar da wata aska irin mai naɗewa, an rubuta Solingen a jikinta. Ta yi tsatsa, ƙotar ta ƙaho ta bushe ta lanƙwashe har gefe guda ya tsage. Wani ya ce in kai ma masu injin washi su kuma sa mata ƙotar roba. Mi kuka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah shi gafarta ma tsoho. Don Allah kar ka kai ta wajen injin nan. Bakin aska siriri ne ƙwarai, dutsen injin yana zafafa ƙarfen nan take, in ka ga ya koma shuɗi-shuɗi to taurin shi ya tafi kenan, ko ka wasa ba za ta riƙe kaifi ba. Solingen ɗin nan gari ne a Jamus da ya yi suna wajen wuƙaƙe da asake, kamar Shafil a Ingila da Tiyer a Faransa, abu mai kyau ne ke hannunka.

Tsatsa da hannu ake fidda ta. Ka samu samfefa mai lamba 400, ka ɗiga mai kaɗan kana gogawa sannu, sannan 800, 1000 har 2000, amma ka yi hattara wajen rubutun kar ka shafe shi, kuma baƙin tabon da ya ƙi fita ka ƙyale shi in dai ba a bakin yake ba.

Sai ƙotar, wadda ita ta fi damuna. Fara tabbatarwa ƙahon ne, don akwai wata tsohuwar roba da ake kwaikwayon ƙaho da ita, in ka murza ta da tsumma ta ɗumama sai ka ji warin kafur, ita wannan in ta fara lalacewa tana fidda iskar da ke cin ƙarfen, dole a cire ta. In ƙaho ne na gaske to bushewa ce kawai, ga hunturun Tawa ga shekaru cikin zabira. Ka jiƙa shi cikin man jarirai na farmasi kwana biyu ko ukku, za ka ga launin shi ya dawo, ban da man gyaɗa don yana yin wari. Amma tsagar ka fara gyara ta kafin man, in ba haka ba kol, wato gam, ba zai kama ba: ka kankare garin wani ƙahon daga mahauta, ka cusa cikin tsagar, ka ɗiga kol ɗin nan mai kamawa nan take, in ya bushe ka goge ya daidaita. Lanƙwasar kuma ruwan zafi ke tausasa ƙaho, sai ka matse shi tsakanin katako biyu har ya huce. Wannan sai an cire ƙusoshin da ke riƙe ƙotar, aikin maƙerin farfaru ne, su sun saba da ƙaramin aiki.

Washi kuwa ka nemi tsohon wanzami ka zauna kusa da shi, ka ga yadda yake kwantar da askar bisa dutse, baya da baki duka suna taɓawa, sannan ya bi da fata. In za ka yi aski da ita ka goge ta da alkol, kuma ta zama taka kai kaɗai saboda ciwon hanta da ake ɗauka ta jini.